Wutar “cek” ta kama, mai yana ƙarewa: a duba sensar salansa

Watan jiya na fito daga Kumasi zan kai kaya Tamale a tsohuwar Corolla ɗina. Man da na saba zubawa ya kai ni har gida, a Kintampo ya fara neman ƙari. Dama an yi makonni wutar nan ruwan ɗorawa mai hoton inji, wadda muke ce wa cek, tana kunne a gabana. Wani makanike na bakin hanya ya taɓa ce min, “Alhaji, ba komai ba ne, duk motocin hannu haka suke,” har ya nemi ya liƙe min ita da baƙin salatif. Ban bari ya liƙe ba, amma kuma ban gyara ba, ka ga duk ɗaya ne.

Da na dawo na shiga Suame Magazine aka jona mata na'urar bincike, sai ga lamba P0135. Ma'anarta hitar da ke cikin sensar oksijin ta gaba ta samu matsala. 'Yan'uwa da ke Nijar, Benin da Kamaru, makanikanku “sonde lambda” suke ce mata.

'Yar aba ce kamar fulogi, an ɗaure ta a jikin bututun salansa. Aikinta ta shinshina hayaƙin da ke fita, ta gaya wa kwamfutar mota yawan oksijin da ya rage a ciki. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1, kuma da rahoton sensar nan kwamfuta take ƙara mai ko ta rage. Sai ta yi zafin kusan digiri 300 take fara ba da rahoto, shi ya sa aka sa mata hita. In ta mutu, kwamfuta ta koma lissafin makaho, kuma galibi ta gwammace ta zuba mai fiye da kima. Daga nan sai shan mai, warin ɗanyen fetur a salansa, fulogai su yi baƙi, inji ya riƙa rawa in an tsaya.

Asarar man ma da sauƙi. Fetur ɗin da bai ƙone ba yana gangarawa cikin matatar hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke kira indomi, ya ƙone a can har ya narkar da ita. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinta irin su filatinam, shi ya sa ɓarayi ke yanke ta, kuma kuɗinta ya ninka na sensa sau da yawa.

Amma kada lamba ta fito ka ruga shago. Lambar wurin ciwo take nunawa, ba ta ce lallai sensa ce ta mutu ba. Maƙwabcina ya sayi sabuwa, aka ɗaura, wuta ta sake kamawa. Ashe waya ce ta jingina da salansa ta ƙone. A fara duba fis, waya da soket, a kuma duba ko salansa ta huje a gaban sensar, don iskar waje in ta shiga tana rikita ta. Idan motarka na shan baƙin mai, ko ruwan lagireto na shiga inji, to su ne suka kashe tsohuwar, kuma za su kashe sabuwar. Haka ma gam ɗin silikon da wasu ke laftawa a madadin gasket.

Wajen saye a kula. Yawancin motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da aƙalla biyu, ɗaya kafin indomi, ɗaya bayanta, kuma ba lallai su zama iri ɗaya ba. A Toyota da yawa na baya-bayan nan ta gaban wata iri ce daban, ko da zarensu ɗaya. Ka tafi da tsohuwar a hannu, da lambar shasi. Denso, NTK da Bosch su ne sanannun masu ƙera ta, kuma sunansu ne 'yan jabu suka fi bugawa a kwali, don haka araha mai yawa abin zargi ce. Ni ba na son wadda sai an yanke waya an haɗa; a nemi mai soket daidai da na motar.

Ɗaurawar ba wuya. A bar inji ya ɗan yi ɗumi a kashe shi, a zare soket tukuna don kada waya ta murɗe, a fesa man kwance tsatsa a jira, sannan a kwance da sifana mai lamba 22, irin mai tsaga ta gefe. Sabuwar a fara murza ta da hannu, don in zare ya karkace aiki ya koma wajen mai walda. Kada maiko ya taɓa kanta, a kuma maida wayar inda take, nesa da ƙarfe mai zafi. Daga nan a goge lambar da na'ura.

Tawa da aka auna, hitar ce ta yanke da gaske, kuma aikin bai kai awa ɗaya ba. Uwargida, wadda ita ke riƙe da littafin kuɗin mai, ta riga ni lura da bambancin, ta kuma lissafa min abin da jinkirin wata biyu ya ci, a gaban yara.