Daga Bakin Rumfa: Yaƙin Yukren, Tarayyar Turai da littafin cinikina

 

Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an idar da Magariba, muna zaune a majalisarmu ta unguwar New Bell a nan Duwala, rediyo ya kawo labarin wani sabon taron shugabannin Turai kan yaƙin Yukren. Wani abokin zamanmu mai sayar da fulawa ya kaɗa hannu ya ce, "Alhaji, a canza tasha don Allah. Turawa ne ke kashe junansu, faɗan da babu ruwanka ai daɗin kallo gare shi." Aka yi dariya. Ni kuwa na ce masa ya bari in ɗauko littafin cinikina na 2022, mu duba tare ko da ruwanmu ko babu.

A farkon waccan shekarar, dalar Amurka ɗaya tana wajen sefa 580. Zuwa watan Satumba ta haura 680. Ni kayan da nake saro wa daga Sin da dala nake biya, don haka a kan kowace dala 10,000 sai da na ƙara kusan sefa miliyan ɗaya, ba tare da an ƙara mini ko katan guda ba. Dalili shi ne sefarmu a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta gaba ba ta baya. Inda yuro ta faɗi, nan sefa ke faɗuwa. A shekarar nan yuro ta faɗi har ƙasa da dala, abin da ba a gani ba cikin shekara 20, saboda tsadar makamashi da yaƙin ya jawo wa Turai, ga kuma Amurka na ta ƙara kuɗin ruwa. Shi kansa mai fulawar na tuna masa cewa a watan Maris na 2022 ne burodin sefa 125 ya koma 150 a Kamaru, domin Rasha da Yukren su biyu ke fitar da fiye da rubu'in alkamar da ake sayarwa a kasuwar duniya. Sai ya yi shiru, ya gyara zama.

To tunda da ruwanmu, bari mu duba abin da Turai ta yi tun ranar 24 ga Fabrairu 2022 da sojojin Rasha suka kutsa Yukren. Ni da idon ɗan kasuwa zan duba, don shi na sani.

Kafin yaƙin, Turai ta yi kuskure biyu da kowane mai shago ya san illarsu. Na farko, ta dogara da dila ɗaya. Kusan kashi 40 cikin 100 na iskar gas da Tarayyar Turai ke saye daga waje, daga Rasha yake zuwa. Jamus kuwa fiye da rabi. Kaya ne mai araha, yana zuwa ta bututu har gida, kowa ya saki jiki. Ko da Rasha ta ƙwace yankin Kirimiya a 2014, ba a fasa shimfiɗa sabon bututun Nord Stream 2 ba. Sai ana saura kwana biyu a fara yaƙi Jamus ta dakatar da ba shi izinin aiki. Na biyu, ta bar gadin kasuwa a hannun mutum ɗaya, wato Amurka. Tun 2014 ƙasashen ƙungiyar tsaro ta NATO suka amince kowa ya riƙa kashe kashi 2 cikin 100 na arzikin da ƙasarsa ke samarwa a shekara kan tsaro, amma mafi yawansu ba su cika ba.

Shi ya sa farkon lamarin ya zo da abin dariya. A watan Janairu 2022, lokacin da Rasha ke jibge sojoji a kan iyaka, tayin da Jamus ta yi wa Yukren shi ne hulunan kwano 5,000. Magajin garin Kiev, Vitali Klitschko, har ba'a ya yi musu, yana tambaya ko filo ne zai biyo baya. Amma kwana uku da fara yaƙin, shugaban gwamnatin Jamus na lokacin, Olaf Scholz, ya tsaya gaban majalisar dokoki ya sanar da asusu na musamman na yuro biliyan 100 don gyara rundunar ƙasarsa. A makon ne kuma Tarayyar Turai, karon farko a tarihinta, ta ware kuɗi, yuro miliyan 500, don sayen makamai da kayan soja ga ƙasar da ke cikin yaƙi. A Janairu 2023 Birtaniya ta yi alkawarin tankokin Challenger 14, Jamus ta biyo da Leopard bayan an daɗe ana ja-in-ja. Jiragen yaƙi samfurin F-16 da Denmak da Holan suka yi alkawari a 2023 sun fara isa a tsakiyar 2024. Kowane mataki sai an yi wata da watanni ana muhawara, ana tsoron kada a tunzura Rasha mai makaman nukiliya, sannan a bayar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne na Finlan da Suwidin. Ƙasashe ne da suka daɗe suna 'yan ba-ruwanmu, Suwidin ma kusan shekara 200 ba ta shiga yaƙi ba. Da suka ga gemun maƙwabci ya kama da wuta, sai suka shafa wa nasu ruwa. Finlan, mai iyakar fiye da kilomita 1,300 da Rasha, ta shiga NATO ranar 4 ga Afrilu 2023, Suwidin ta bi ta ranar 7 ga Maris 2024. Shugaba Putin da ke cewa ba ya son NATO kusa da ƙofarsa, sai ga shi iyakarsa da ita ta ninka.

Sai batun takunkumi. An cire wasu bankunan Rasha daga tsarin tura kuɗi na SWIFT, an hana sayen gawayinta, an hana ɗanyen manta da ke zuwa ta ruwa daga Disamba 2022, aka kuma yanka masa farashin da ba za a wuce ba, dala 60 ganga. Amma duk wanda ya taɓa fatauci ya san idan aka rufe babbar hanya, ɓarauniya buɗewa take. Indiya da Sin suka riƙa kwasar man da rangwame, har Indiya ta tace ta sayar wa Turai wani ɓangare. Takunkumin ya ciji Rasha, amma bai durƙusar da ita cikin 'yan watanni kamar yadda wasu suka yi hasashe ba.

Akwai kuma kuɗin babban bankin Rasha, kusan dala biliyan 300, da ƙasashen Yamma suka daskarar. Kaso mafi tsoka yana Beljiyam, a hannun kamfanin ajiya na Euroclear. A 2024 ƙasashen G7 suka amince a bai wa Yukren rancen dala biliyan 50, a riƙa biya da ribar da kuɗin ke haifarwa. Uwar kuɗin kuwa an daɗe ana taƙaddama a kanta, Beljiyam tana ɗari-ɗari. Wannan kowane ɗan kasuwa zai fahimce shi. Mai ajiya ya taɓa amanar mutum ɗaya, ko da mutumin azzalumi ne, gobe sauran masu ajiya za su fara tunanin kwashe nasu.

Inda asirin Turai ya tonu shi ne wajen harsashi. A Maris 2023 Tarayyar ta yi alkawarin harsasan manyan bindigogi miliyan ɗaya cikin shekara guda. Wa'adi ya cika, abin da aka kai bai wuce kusan rabi ba, sai can ƙarshen 2024 aka cike. Kuɗi akwai, masana'antun ne babu, domin an rufe su ko an rage su bayan yaƙin cacar baka. Jamhuriyar Cek ce ta shiga yawo kasuwannin duniya tana saro harsashi da kuɗin karo-karo. Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga kuma matsalar yawan masu magana: ƙasashe 27 ne, kuma a manyan batutuwan waje sai kowa ya yarda. A Disamba 2023 Viktor Orban na Hungari shi kaɗai ya tare tallafin yuro biliyan 50, sai a Fabrairu 2024 aka shawo kansa. Wanda ya taɓa zama a kwamitin kasuwa ya san yadda mutum ɗaya ke hana ruwa gudu.

Da Donald Trump ya dawo mulki a 2025, maigadi ya fito fili ya ce kowa ya biya kuɗin gadinsa. Bayan cacar bakin da aka yi da Shugaba Zelensky a fadar White House ranar 28 ga Fabrairu, firaministan Birtaniya Keir Starmer ya tara shugabanni a Landan, shi da Shugaba Macron na Faransa suka fara haɗa gamayyar ƙasashen da za su tsaya wa Yukren. Shugabar hukumar Tarayyar Turai, Ursula von der Leyen, ta fito da shirin da zai iya kai yuro biliyan 800 na sayen makamai. A watan Yuni, a taron birnin Hague, ƙasashen NATO suka ɗaga mizani daga kashi 2 zuwa kashi 5 nan da 2035. Polan tuni ta wuce kashi 4.

Tambayar da ta shafe mu ita ce, daga wane aljihu? Birtaniya ta ba da amsa ba kunya: a Fabrairu 2025 ta ce za ta rage tallafin da take bai wa ƙasashe matalauta daga kashi 0.5 zuwa 0.3 na kuɗin shigar ƙasa, ta zuba a soja. Ministar da ke kula da tallafin, Anneliese Dodds, ta ajiye aiki a kan haka. Irin wannan kuɗi ne ke sayen allurar rigakafi da abincin yara masu tamowa a asibitocin ƙauyukanmu. Duk mai iyali a gida ya sa a ransa cewa abin da aka saba samu kyauta zai ragu, kuma wayar neman taimako mu za a bugo wa.

Na san abin da da yawa daga cikinku ke cewa, don a majalisa ma an faɗa mini. Ina Turawan suke lokacin da aka ruguza Libiya a 2011, makamai suka bazu a Sahel? Me ya sa aka buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijirar Yukren fiye da miliyan 4, alhali 'ya'yanmu na nutsewa a teku? Ba mu manta yadda aka riƙa ture ɗalibai baƙar fata daga jiragen ƙasa da kan iyaka a makon farko na yaƙin ba, har Tarayyar Afirka ta yi tir. Ga Gaza kuma. Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma son kan Bature bai wanke wanda ya tsallaka iyakar maƙwabcinsa da tankoki ba. Mu da muke cin abinci a ƙasar da ba a nan aka binne cibiyarmu ba, mu ne ya kamata mu fi kowa tsoron ranar da ƙarfi zai zama shi ne shari'a. Ku tuna Bakasi. Najeriya ta fi Kamaru yawan jama'a da soja, amma da kotun duniya ta yanke hukunci a 2002, aka zauna aka sa hannu, aka kammala miƙa yankin a 2008. An ji zafi, amma ba a yi yaƙi ba. Da an yi, wa kuke tsammani za a fara ƙona wa shago a Duwala da Yawunde da Garwa?

Abu na ƙarshe, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami a makon nan. Watanni kaɗan da suka wuce ɗan yayana ya same ni a shago, ya durƙusa ya ce, "Baffa, wani ejan ya samo mini aiki a Rasha, gadi ne kawai, albashi da dala, har da takardar zama. Kuɗin hanya nake so ka ranta mini." Na ce ya kawo takardar kwangilar. Da rubutun Rashanci take, shi bai iya karantawa ba, ni ban iya ba, ejan kuma sai gaggawa yake. Na ce masa, "Ɗana, ko buhun shinkafa ba na saye ban ga cikinsa ba, balle in sa hannu a kan ranka." Ya yi fushi, sati uku bai gaishe ni ba, mahaifiyarsa ma ta ɗauka rowa ce. Ban ce na san abin da ke cikin waccan takardar ba. Abin da na sani shi ne an kama matasan Afirka a fagen daga sanye da kakin Rasha, da yawansu suna cewa da sunan aiki ko karatu aka kai su. An kuma ɗebi 'yan mata daga ƙasashen Afirka zuwa Alabuga a yankin Tatarstan, suka tsinci kansu suna harhaɗa jirage marasa matuƙa a masana'antar da Yukren ke kai wa hari. Yanzu yaron yana tare da ni a shago, na ware masa layin kayan waya yana juyawa.

Don haka iyaye, musamman iyaye mata da yara suka fi gaya wa sirrinsu, duk takardar aikin waje da ba a fassara muku ita ba, kada a sayar da fili ko ɗan kunne a biya. 'Yan kasuwa kuma, mai sefa ya riƙa leƙa farashin yuro da dala kafin ya yanka ciniki da dilansa, kada kuma ya yarda dilansa ya zama guda ɗaya tilo, komai arahar kayansa. Mai fulawa ya ce in faɗa muku ya janye maganarsa, amma da sharaɗin shayin Juma'a mai zuwa a kaina yake.

Allah Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi da duk sauran, Ya tsare mana zuri'a, Ya sa albarka a nema. Sai mako mai zuwa idan Mai Duka Ya kai mu.