Hibernian nake yi, kuma ba na neman a tausaya mini

Akwai tambayar da ake yawan yi mini a nan, musamman ran Asabar da daddare in na saka sakamakon wasan da babu wanda ya kalla: wai Malam, duk kulob ɗin da ke duniya ka rasa wanda za ka yi sai Hibernian? Wasu ma sai sun tambayi a wace ƙasa take. To yau zan ba da amsa gaba ɗaya in huta. Rubutun da ɗan tsawo, mai sauri ya wuce.

Hibernian, ko Hibs a taƙaice, kulob ne na birnin Edinbura a ƙasar Sikotlan. Talakawan Ayilan da suka yi ƙaura zuwa birnin ne suka kafa ta a 1875, filinta Easter Road a unguwar Leith, yana cin mutum dubu 20 da 'yan kai. Rabonta da ɗaukar kofin gasar ƙasar tun 1952. Na faɗa da bakina, kada wani ya zo ƙasa yana tuna mini.

Ɗan Kaduna ne ya kai ni. A 2012 Efe Ambrose, wanda ya taka leda a Kaduna United kafin ya tafi Isra'ila, ya koma Celtic. Masu shekaruna za su tuna daren Nuwamban wannan shekarar da Celtic ta doke Barcelona 2-1, Barcelona ta su Messi da Xavi da Iniesta, Efe yana tsaron baya. Za su kuma tuna yadda ya ɗauki kofin Afirka da Super Eagles ran Lahadi a Afirka ta Kudu a Fabrairun 2013, ran Talata aka saka shi wasa da Juventus a Gilasgo, gajiya ta nuna a ƙafarsa, aka ci su 3-0 aka ɗora masa laifin. Lokacin Efe nake kallo, Celtic ba ta dame ni ba. Da kocinsa Neil Lennon ya koma Hibs ya ja shi can a 2017, sai idona ya bi shi. A farkon 2019 Efe ya tattara ya tafi. Ni kuma na zauna. Daga nan nake lissafin zamana ɗan Hibs.

Abin da ya zaunar da ni tarihin magoya bayan ne, don shi ya sa na fara kallon abin da muke kira goyon baya a gidajen kallonmu da wani ido daban.

Ku dubi wannan. Hibs ta ɗauki kofin ƙalubale na Sikotlan a 1902. Daga nan shiru, har shekara 114. A tsakani ta kai wasan ƙarshe sau goma, sau goman ana dawo da ita hannu rabbana. An haifi mutane a Leith, ubanninsu suka kai su fili suna yara, suka yi aure, suka kai nasu 'ya'yan, suka tsufa suka mutu ba su ga kofin nan ba. A 2012 maƙwabtansu kuma manyan abokan gabarsu, Hearts, suka yi musu 5-1 a wasan ƙarshe, a gaban duk ƙasar. Shekarar da ta biyo baya Celtic ta ba su 3-0. A 2014 suka faɗa rukuni na biyu ta hanyar da ko maƙiyi sai ya girgiza kai: sun je gidan Hamilton sun ci 2-0, aka zo gidansu aka rama 2-0, aka fitar da su a bugun fenariti. Abin ya kai 'yan adawa sun mayar da sunan kulob ɗin kalmar zolaya. Duk wanda nasara ta zo hannunsa ya sake ta, sai a ce ya yi irin ta Hibs.

Sai ran 21 ga Mayu 2016 a filin Hampden. Suna rukuni na biyu, 'yan kwanaki kafin nan Falkirk ta hana su haurawa, a watan Maris kuma Ross County ta ƙwace musu wani kofin a wasan ƙarshe. Rangers tana gaba 2-1 har minti na 80. Anthony Stokes ya farke da ka. Lokaci ya cika, ana cikin 'yan mintunan ƙari, aka bugo kwana, kyaftin David Gray ya sa kai. 3-2. Ku nemi bidiyon a YouTube, ku bar kallon 'yan wasa ku kalli tsofaffin da ke kan benci suna kuka kamar yara. Ban kasance ɗan Hibs ba a ranar, daga baya na gani, amma har yau in na kalla sai tsigar jikina ta tashi.

Yanzu a gaya mini, cikinmu wa zai iya shekara biyar a haka? Na san mutumin da ya yi Chelsea lokacin Mikel da Drogba, ya koma Barcelona, ya yi ɗan zama a PSG, yanzu rigar Manchester City ce a jikinsa, kuma shi ne ya fi kowa ɗaga murya a majalisa. In ka yi magana ya ce shi ƙwallo mai kyau yake bi. Ba laifi, kowa da abin da ke faranta masa. Amma sunan wannan kallo. A bi yarima a sha kiɗa. 'Yan Arsenal kam na cire su daga wannan zargi, sun sha wuya daidai gwargwado, Allah ya ba da lada.

Za a ce mini gasar Sikotlan ai gasar doki biyu ce. Gaskiya ne. Tun da Alex Ferguson ya ɗauki kofin da Aberdeen a 1985 har zuwa 2025, shekara 40 ke nan, daga Celtic sai Rangers. Kuɗin talabijin da gasar gaba ɗaya ke samu a shekara bai wuce kusan fam miliyan 30 ba, alhali kulob ɗin da ya zo na ƙarshe a Firimiyar Ingila shi kaɗai yana tashi da sama da fam miliyan 100. Duk yaron da ya fara haske, kafin kaka biyu an saye shi an yi kudu da shi. John McGinn da kuke gani a Aston Villa daga Hibs ya tafi a 2018, yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin nan na 2016.

To amma wannan hujjar tawa ce, ba taku ba. Ƙungiyoyi 12 ne a babbar gasar. Magoya bayan goma daga ciki suna shiga kowace kaka sun san da wuya su ga kofi, duk da haka suna sayen tikitin shekara tun kafin a buga wasa ko ɗaya. Ƙasar ba ta wuce mutum miliyan biyar da rabi ba, amma in aka auna masu zuwa fili da yawan jama'a, rahoton hukumar UEFA ya sa ta gaba da kowa a Turai. Kuma da yake kuɗin talabijin kaɗan ne, kuɗin ƙofa shi ne ke riƙe da ƙungiyoyin. Wanda ya fito cikin ruwan sama da sanyin Janairu ya biya ya shiga, shi ke biyan albashin mai tsaron raga. Ya san haka, shugabannin kulob ma sun sani, shi ya sa in ya yi magana ake saurare.

Nan ne inda nake so mu tsaya sosai, don a nan bambancin yake.

A 1990 shugaban Hearts na lokacin, Wallace Mercer, ya yi yunƙurin saye Hibs da ke fama da bashi, da niyyar a haɗe ƙungiyoyin biyu, wato a zahiri a shafe Hibs. Magoya baya suka tashi tsaye, taro kan taro, suna bin masu hannun jari ɗaya bayan ɗaya kada su sayar. Yunƙurin ya rushe, daga baya wani attajiri ɗan Leith, Tom Farmer, ya karɓi kulob ɗin. Da sun zauna suna cewa Allah ya kyauta, da yau babu abin da zan rubuta.

Su kansu Hearts, ko da yake ba na son yabonsu, gaskiya ɗaya ce. A 2013 bankin mai kulob ɗin, Vladimir Romanov, ya durƙushe a Lituweniya, kulob ya shiga hannun masu raba bashi, aka zaftare masa maki 15, ya faɗi daga gasa. Magoya baya kimanin dubu 8 suka amince a riƙa cirar wani abu daga asusunsu duk wata, kamar adashi. Wata 'yar kasuwa mai goyon bayan kulob ɗin, Ann Budge, ta sa kuɗinta ta fanso shi a 2014 bisa sharaɗin za su biya ta sannu a hankali. Suka biya. A watan Agustan 2021 ta miƙa musu kashi 75 cikin 100 na hannun jari. Direban bas da malamin makaranta da ma'aikaci irina su ne masu kulob yanzu. Motherwell ma haka take, a hannun magoya bayanta.

Rangers kuwa da ta rushe a 2012 aka mayar da ita rukuni na huɗu, wasanta na farko a gida a wannan rukunin da East Stirlingshire sama da mutum dubu 49 ne suka shiga. Rukuni na huɗu fa. Shekara goma bayan nan sai ga ta a wasan ƙarshe na kofin Europa a Sabiya, Joe Aribo ya ci ƙwallo, Calvin Bassey ya yi wasan da ya sa Ajax ta saye shi. Yawancinmu a lokacin muka san da su. Waɗancan dubu 49 ɗin sun riga mu da shekara goma.

Ba na cewa komai nasu abin koyi ne. Gabar Celtic da Rangers ta samo asali daga rikicin Katolika da Furotesta, ta raba unguwanni, ta jawo zubar da jini, har sai 1989 Rangers ta sayi fitaccen ɗan wasa Katolika, Mo Johnston, wasu magoya bayanta suka ƙona tikitinsu don fushi. Mu da muka san abin da rikicin addini ke yi wa gari ba ma buƙatar a yi mana bayani. Ko ranar murnar Hibs ta 2016 sai da ta ɓaci, dubban mutane suka kutsa fili, aka yi dambe, aka kama mutane da yawa. Wannan ba na kare shi. Wanda ya jefi alƙalin wasa ko ya doki ɗan wasan baƙi bai ƙara wa kulob ɗinsa komai ba sai tara da wasa ba 'yan kallo, a can ne ko a nan.

Sai masu cewa, to Malam tunda haka ne me ya hana ka yi na gida? Wa ya ce ba na yi? Kuma ban raina magoya bayan gida ba. Kano Pillars ta faɗi a 2022 ta dawo a 2023, masoyanta ba su watse ba, wannan amana ce ta gaske. Abin da ke damuna shi ne amanar ba ta da inda za ta zauna. Galibin ƙungiyoyinmu na gwamnatocin jihohi ne. Ni ma'aikaci ne, na san yadda fayil ke tafiya: in mai girma yana son ƙwallo a saki kuɗi, in wanda ya gaje shi ba ya so a ce a jira kasafi. Mai goyon baya ba shi da katin zama mamba, ba shi da ƙuri'a, ba a karanta masa lissafin shekara. Ranar da aka ga dama a sauya shugabanni, a rediyo zai ji. Da za a ce a yanka kati, a ce ga dubu biyu duk wata ga kuma kujera biyu a hukumar gudanarwa ta masu kati, na tabbata za a sami dubban masu biya a Kano kaɗai. Abin tambaya shi ne ko masu riƙe da kulob za su yarda a duba littafinsu.

Na san kuma matsayina a wannan harka. Ban taɓa taka Easter Road ba. Babu gidan kallon da zai bar Firimiya ya saka mini Hibs da Kilmarnock. Wasan ƙarfe uku na can, lokacin sanyinsu ƙarfe huɗu ne a nan, sai in idar da la'asar in zauna da waya ina bin sharhi a rubuce, data tana tafiya. Wanda ya yi shekara 40 yana zama a kujera ɗaya a filin nan ya fi ni nesa ba kusa ba. Amma abin da nake iyawa ina yi: na san wa aka sayo, na san wa ya ji rauni, in an ci mu raina yana ɓaci har a gida a gane, kuma gobe ina nan.

Kakar 2024/25 ta ishe ni misali. David Gray, mai ƙwallon kan nan na 2016, shi aka ba aikin koci. Zuwa Nuwamba muna can ƙarshen teburi, ana ta cewa a kore shi. Aka bar shi. Sai ga wasa 17 a jere a gasa ba a doke mu ba, muka gama a na uku muka sami gurbin Turai. Babu kofi, babu wanda ya yi mini barka a nan. Amma ban san ko akwai ɗan Real Madrid a cikinku da ya ji daɗin kakarsa kamar yadda na ji daɗin wannan ba. Shi na biyu ma a wurinsa makoki ne.

Tun da Kelechi Iheanacho ya koma Celtic wasu ke turo mini saƙo, wai ga ɗan gida ya zo, sai in koma inda ake ɗaukar kofi. Na gode da shawara. Allah ya ba shi sa'a a duk wasan da zai buga, ban da ranar da za su zo Easter Road.