Rido: Matatar mai na kwance, matasa na tara maki a waya

A Rido aka gina matatar man Kaduna, aka buɗe ta a 1980, daga baya ƙarfin tacewarta ya kai ganga 110,000 a kullum. Shekaru ke nan tana kwance. Matasan da ya kamata ta ɗauka aiki sun koma ga waya: amsa tambayoyin jin ra'ayi, kallon talla, tara makin da za a musanya da katin sayayya.

Ciniki ne da babu riba. Matashin ke sayen data, shi ke biyan mai caji, alhali kamfanonin sun fi neman ra'ayin masu sayayya na Amurka da Turai. Sau da yawa sai ya yi nisa a ce masa bai cancanta ba. Hamster Kombat ma, da ta yi rabo ranar 26 ga Satumba 2024 bayan watanni ana latse-latse, mutane da dama ko kuɗin datarsu ba su mayar ba.

Asarar da ta fi girma ita ce bayanan da ake miƙawa: lambar waya, ranar haihuwa, wani lokaci har NIN. Dokar kare bayanai ta 2023 ta ba ɗan ƙasa haƙƙin sanin abin da aka yi da su. To, ina ɗan Rido zai kai ƙarar manhajar da ko ofishi ba ta da shi a Najeriya?