Awaki uku da kuɗin lauya

Ƙanwata ta sayar da awaki uku a kasuwar Dakoro kafin aurenta ya mutu a hukumance. Mai unguwa ya yi sulhu, malamai sun zauna, mijin ya kafe sai an mayar masa da sadaki da lefe. Da magana ta kai gidan shari'a, wani ɗan uwa ya haɗa mu da lauya ta waya, domin yawancin lauyoyin Nijar a Yamai suke zaune.

Da farko lauyan ya ce a turo kuɗin buɗe dosiye. Muka tura. Bayan mako biyu, kuɗin mota da masauki. Aka ɗage zama, sai wani kuɗin motar. Kullum ni ke zuwa wurin masu aika kuɗi, in dawo da ɗan guntun rasit, ita kuma ta ninke shi ta sa a tsohon gwangwanin madara tare da katin rigakafin ɗanta. Rasit ɗin na kamfanin aikawa ne. Daga hannun lauyan ko layi ɗaya ba mu samu ba da zai nuna wanne ne ladan aikinsa, wanne ne na hanya, wanne ne na kotu.

Ban ce lauya ya yi aiki kyauta ba. Daga Maradi kaɗai zuwa nan Dakoro ya wuce kilomita 100, balle daga Yamai, kuma ilimi ba a tsintarsa a ƙasa. Abin da nake nema shi ne a yanke farashi tun ranar farko, a rubuta, a karanta wa mace da Hausa, ta sa hannu ko ta dangwala. Ko tela ba ya sa almakashi a yadi sai an yi ciniki.

Tsarin ma akwai shi. Tun 2014 ƙungiyar UEMOA ta fitar da ƙa'ida ɗaya ta aikin lauya ga ƙasashenta, har da Nijar. Kuɗin da aka biya domin wanda lauya ke karewa, kamar na ciyar da yara, wurin ajiyarsa asusun lauyoyi ne da ake kira CARPA, ba aljihun kowa ba. Wanda bai yarda da kuɗin da aka caje shi ba yana iya kai ƙara ga shugaban ƙungiyar lauyoyi. To, matar da ta taso daga wani ƙauyen Kornaka, da wace takarda za ta kai wannan ƙara?

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba wanda ya gaya mana cewa shari'ar aure a Nijar bisa al'ada ake yanke ta, alƙali na zama da masanan al'ada, kuma mace na iya tsayawa ta yi magana da bakinta. Ba wanda ya ambata mana ANAJJ, hukumar da dokar 2011 ta kafa domin taimaka wa marasa hali a shari'a. Ya kamata a liƙa wannan bayani da Hausa a ƙofar kotun Dakoro, a riƙa faɗarsa a rediyo.

Ƙanwata ta gama idda, ta koma sayar da ƙuli-ƙuli. Akuya ɗaya ta iya mayarwa zuwa yanzu.