Wai Na'ura Ce Za Ta Karanta Zuciyar Ka?

Mai karatu, Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wasu masana kwamfuta sun mai da karin maganar nan kasuwa. Wai na'ura za ta kalli fuskar ka, ta saurari muryar ka, sannan ta yanke hukunci: wannan ya na fushi, wancan ya na murna. Ba jiya aka fara ba. Tun 1997 Farfesa Rosalind Picard ta jami'ar MIT a Amurka ta wallafa littafi kan fannin. A 2017 kuma masu binciken Disney su ka bayyana yadda su ka ɗauki fuskokin 'yan kallo sama da 3,000 a sinima, don auna murmushin su da dariyar su.

Haba jama'a! Kai ma'abocin fim ai ka fi kowa sanin fuska ta iya ƙarya. Jarumar da ke sharɓar kuka a gaban kyamara, da darakta ya ce "kat" sai ta fashe da dariya. Amaryar da ke hawaye ranar kai ta ɗaki fa, baƙin ciki ta ke yi? Matar da ta sunkuyar da kai gaban surukin ta, kunya ce ko rashin gaskiya? A 2019 Lisa Feldman Barrett da abokan aikin ta sun bi diddigin bincike sama da 1,000, su ka nuna fuska kaɗai ba ta isa shaida kan abin da ke zuciya ba.

Sai masu na'urar su ce, to, za mu haɗa da yanayin da mutum ke ciki. A nan gizo ke saƙar! Kafin na'ura ta san yanayin ka, sai ta san inda ka kwana, wa ka kira, me ka karanta. Wanda ya san wannan kuwa zai iya juya ka. A 2012 Facebook ya sauya abin da mutum kusan 689,000 ke gani a shafin su na mako guda, ba da sanin su ba, don gwada ko ran su zai canza.

Microsoft da kan sa ya janye irin wannan manhajar a 2022. Tarayyar Turai ta haramta ta a makarantu da wuraren aiki tun Fabrairun 2025, in ba don lafiya ko kare rayuka ba. Masu abu sun fara ja da baya, mu kada mu yi rawar kai. Duk manhajar da ta nemi kyamarar wayar ka, tambaye ta dalili tukuna. Na ciki, a bar shi a ciki.