Sauya Kamfanin Inshora: Rangwamen Da Masu Mota Ke Bari A Baya

Tun da aka sanar a farkon watan Agustan 2025 cewa Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu kan sabuwar dokar gyara harkar inshora, hankalin masu sharhi ya karkata ga batun jari. Dokar ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin da ke inshorar dukiya, wato motoci da gidaje da kayan kasuwanci, daga Naira biliyan 3 zuwa biliyan 15, kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ba kamfanonin wa'adin da zai cika a watan Yulin 2026. Wanda ya tuna abin da ya faru a 2007 ya san inda irin wannan mataki yake kaiwa. A wancan karon kamfanoni fiye da 100 ne suka shiga aikin ƙarin jari, 49 suka fito. Wasu sun haɗe, wasu an saye su, wasu kuwa sun rufe.

Ke nan a watannin da ke tafe masu motoci da yawa za su tarar da takardunsu a hannun kamfanin da ba shi suka zaɓa ba, wasu kuma za su tashi da kansu tun kafin a tashe su. A irin wannan ƙaura akwai wata 'yar dukiya da akan manta a tsohon gida: rangwamen da kamfani yake yi wa mai motar da ya shekara bai nemi diyya ba.

Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Duk shekarar da ta wuce mai mota bai kai wa kamfani buƙatar biyan ɓarna ba, ana rage masa wani kaso na kuɗin shekara mai zuwa, kason kuma yana ƙaruwa har ya kai iyakar da kamfanin ya tsayar. Ba alheri kamfanin yake yi ba. Lissafi ne ya nuna masa cewa direban da ya yi shekara biyar bai yi karo ba ya fi sauƙin ɗauka, don haka gara a rage masa a riƙe shi da a bar shi ya tafi. Abin da ake saka wa mutum a kansa shi ne tarihin tuƙinsa, tarihin kuwa nasa ne, ba na kamfani ba.

Sai dai zancen bai shafi kowa ba. Mafi yawan masu mota a Kano da Kaduna da Abuja suna tsayawa ne kan inshorar ɓangare na uku, wadda ke biyan ɓarnar da direba ya yi wa wani, wadda kuma 'yan sanda suka tsananta bincikenta tun 1 ga Fabrairun 2025. Farashinta ƙayyadadde ne: tun 1 ga Janairun 2023 NAICOM ta ɗaga na motar gida daga Naira 5,000 zuwa 15,000, tare da ɗaga iyakar diyyar ɓarnar dukiya daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Babu wani ciniki a nan. Inda rangwame yake da nauyi shi ne cikakkiyar inshora, wadda ta haɗa da sata da gobara da lalacewar motar mai ita. Masu ita su ne ma'aikacin da ya ɗauki mota da bashin banki ko na ƙungiyar adashin ofis, da ɗan kasuwar da yake da motoci biyu ko uku na dakon kaya. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 farashin motoci ya tashi, kuɗin inshorar ma ya bi shi, tunda kaso ne na ƙimar motar.

Matsalar ita ce inda tarihin yake kwance. Rumbun bayanan da ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya take gudanarwa, NIID, ya taimaka ƙwarai wajen tona asirin takardun bogi, domin mai mota kan duba ta waya ya ga ko inshorarsa sahihiya ce da ranar da za ta ƙare. Amma wannan dubawar ba ta miƙa masa shaidar cewa ya yi shekara huɗu bai karɓi ko kwabo ba. Shaidar tana cikin fayil ɗin tsohon kamfani. Sabon kamfani ba zai yarda da maganar baki ba, tsohon kuma ba shi da wata sha'awar sauƙaƙa wa mai barinsa hanya. A tsakanin nan ne direban da ya daɗe yana kiyayewa yake komawa sahun wanda jiya ya karɓi lasisi.

Wasu ƙasashen sun toshe wannan ɓaraka da doka. A Faransa kowane direba yana da ma'auni da ke raguwa da kashi 5 cikin 100 duk shekarar da bai yi haɗarin da laifinsa ne ba, har kuɗinsa ya koma rabi bayan shekara 13, yana kuma hawa da kashi 25 cikin 100 idan ya yi haɗarin da shi ne mai laifi. Ma'aunin yana bin mutum duk kamfanin da ya koma, kuma dole ne tsohon kamfani ya ba shi takardar tarihinsa cikin kwana 15 da neman ta. A Indiya rangwamen yana farawa daga kashi 20 ya kai kashi 50 bayan shekara biyar, ana ɗaukarsa zuwa wani kamfani, amma yana zubewa idan aka bar inshorar ta mutu fiye da kwana 90. A Ingila al'adar kasuwa ce ta tsara abin: akan karɓi shaidar tsohon kamfani muddin ba ta wuce shekara biyu ba. Abin da ya haɗa ukun shi ne takarda wadda kowane kamfani ya san siffarta.

A Najeriya akwai wani shinge da ya kamata mai mota ya sani kafin ya sa rai da yawa. Sanarwar NAICOM ta watan Disambar 2022 ta ce kuɗin cikakkiyar inshora ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na ƙimar mota ba, bayan an cire duk wani rangwame. A ɗauki misalin motar da aka yi wa kuɗi Naira miliyan 12. Bisa wannan ƙa'ida, mafi ƙarancin abin da za a biya shi ne 600,000. Idan kamfani ya fara lissafinsa daga kashi 7, wato 840,000, rangwamen kashi 25 zai sauko da shi zuwa 630,000, mai motar ya tsira da 210,000. Idan rangwamen ya kai kashi 40, lissafi zai ba da 504,000, amma ƙa'idar za ta tsayar da shi a 600,000. Idan kuwa tun farko kamfanin daga kashi 5 ya fara, to babu sauran abin ragewa, ko da mutum ya yi shekara goma bai goga wa kowa fenti ba.

An kafa wannan iyaka ne don hana kamfanoni karya farashi har su kasa biyan diyya, kuma dalilin yana da ƙarfi. Amma tana da illar da ba a cika faɗa ba: a ƙasan farashi tana daidaita mai hankali da mai ganganci. Saboda haka abin kwatantawa shi ne adadin kuɗin da za a biya a ƙarshe, ba girman kason da wakilin kamfani yake ambata ba. Inda farashi ya cije, kyakkyawan tarihi yana iya zama abin ciniki ta wata fuskar, kamar rage kason da mai mota yake ɗauka daga aljihunsa a kowace ɓarna, ko ƙara masa kuɗin jan mota idan ta lalace a hanya.

Wanda ya yanke shawarar tashi, abin da ya fi amfanarsa shi ne neman wasiƙar tarihinsa tun yana cikin kamfanin, makonni kafin wa'adinsa ya cika, ba bayan ya fita ba. Wasiƙar ta ɗauki sunansa da lambar motar da lambar takardar inshora da adadin shekarun da bai nemi diyya ba. Ya kuma sa sabon kamfani ya rubuta masa farashin da aka gina a kan wasiƙar kafin ya biya. Tashi a tsakiyar shekara asara ce sau biyu, domin shekarar da ba ta cika ba ba a ƙirga ta, kuɗin da za a mayar masa kuma galibi bai kai na sauran watannin ba. Barin giɓi tsakanin tsohuwar takarda da sabuwa ya fi haɗari, tunda ƙa'idar da ake aiki da ita tun 2013 ita ce babu biya, babu kariya.

Batun suna ma yana cin mutane da yawa. Ɗabi'ar sayen mota a bar takardunta da sunan wanda ya sayar, ko na yaya, ko na maigida a kasuwa, tana nufin tarihin yana taruwa ne a sunan wani. Haka ma'aikacin da banki ya zaɓar masa kamfani lokacin da yake biyan bashi: ranar da ya gama biya ya tashi zai koma wani wuri, sau da yawa bai ma san ya tara komai ba. Ɓoye haɗarin da aka taɓa yi don samun rangwame kuwa ganganci ne, domin kamfani yana iya ƙin biya ranar da babbar ɓarna ta zo idan ya gano an yi masa ƙarya tun farko.

Masu komawa kamfanonin takaful, irin su Jaiz da Noor, suna da ƙarin tambaya guda. A can akwai rarar asusun mahalarta da akan raba wa waɗanda ba su nemi diyya ba, wadda daban take da rangwamen farashi. Mai shiga ya tambayi ko za a lissafa masa shekarunsa na baya, mai fita kuma ya tambayi makomar rabonsa na shekarar da ya kammala.

Mafi munin hali shi ne na wanda kamfaninsa ya durƙushe. Lokacin da NAICOM ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance a watan Yunin 2022, abin da ya dami jama'a shi ne kuɗin da suke bi, kuma da gaskiyarsu. Amma kamfanin da ya koma hannun mai karkasa kadarori ba wurin zuwa neman wasiƙar tarihi ba ne. Gyaran da ake buƙata bai kai wahalar tara biliyan 15 ba: NAICOM ta wajabta wa kowane kamfani rubuta adadin shekarun rashin neman diyya a jikin takardar sabuntawa, ta sa wa'adin bayar da wasiƙa ga mai nema, ta kuma sa miƙa waɗannan bayanai cikin sharuɗɗan amincewa da duk wata haɗaka da za a kawo gabanta kafin Yulin 2026.