RA'AYINMU: Tashar Babura Da Kekuna, Tun Ran Gini Ran Zane

Kwanar Dangora, a ƙaramar hukumar Kiru, mararraba ce wadda ba ta barci. Nan ne hanyar Tudun Wada da dajin Falgore da Doguwa, wadda ta zarce har Saminaka da Jos, ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya. Mota tana sauke mutum a bakin kwalta ne ta yi gaba, sauran tafiyar kuwa zuwa ƙauye sai a kan babur ko keke. Manomi da buhun masara, mace da goyo za ta asibiti, ɗan makaranta da akwatinsa, duk da waɗannan ƙafafu biyu suke isa gida. Saboda haka maganar inda babura da kekuna za su riƙa tsayawa, da abin da ya kamata a samu a wurin, da wanda zai biya kuɗinsa, magana ce da ta shafi kowane gida a Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa.

Abubuwa uku ne suka sa maganar ta ƙara nauyi. Na farko, a watan Janairu na 2013, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, gwamnatin jiha ta hana acaɓa a cikin birnin Kano, amma a karkara sana'ar ta ci gaba, domin babu abin da zai maye gurbinta. Na biyu, a watan Disamba na 2017 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Julius Berger kwangilar sake gina titin Abuja zuwa Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano, mai tsawon kilomita 375, wanda ya ratsa ta Kwanar Dangora. Titi idan ya yi kyau direba yana ƙara wuta, kuma mai babur da ke jiran fasinja a kafaɗar kwalta ya sa ransa a bakin haɗari. Na uku, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce Naira 1,000 a 2024. Mutane da dama sun sauko da tsofaffin kekunansu daga rataye, sun kai wa mai gyara.

To, abin da muka saba gani idan hukuma ta tashi yin tasha ko kasuwa shi ne a share fili, a zagaye shi da bulo, a sa ƙofar ƙarfe, a kafa allo mai ɗauke da sunayen manya. Idan aka tambayi banɗaki da ruwa da rumfa da fitila, sai a ce ai waɗannan ƙari ne, za a yi su daga baya idan kuɗi sun samu. Mu kam ba mu yarda da wannan lissafi ba. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Mai acaɓa yana wuni a tasha tun daga asuba har dare. Idan babu inuwa zai koma gindin bishiyar bakin titi, idan babu fitila fasinja ba zai shiga da dare ba, idan babu banɗaki kowa zai zaga bayan katanga. Ƙarshenta sai a bar filin wa awaki, a koma bakin kwalta inda aka fito, kuɗin bulo da siminti sun tafi a banza.

Batun banɗaki da ruwa kuwa ya wuce na jin daɗi. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Jihar Kano tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. A 2019 gwamnatin tarayya ta ɗaura aniyar kawar da yin bahaya a fili kafin ƙarshen 2025, wa'adin ya zo ya wuce ba a cim ma buri ba. Maƙwabciyarmu Jigawa ita ce jihar farko da aka tabbatar ta kai ga wannan matsayi, a 2022. Wurin da ɗaruruwan mutane ke taruwa kullum, ana sayar da rake da tsire da fura da nono, idan ba shi da masai da wurin wanke hannu, to an gina wa cuta masauki ne da kuɗin jama'a.

Masu cewa kuɗi ba su isa ba, a fara gama babban aiki tukuna, suna da hujja, kuma mun san aljihun ƙananan hukumomi ba shi da zurfi. Amma mun ga yadda "daga baya" take ƙarewa a jihar nan. A zangon mulkin 2011 zuwa 2015 an fara titunan kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomi 44 na Kano, da yawa daga cikinsu suka tsaya shekara da shekaru, sai da gwamnatin da ta hau a 2023 ta koma kansu. Idan babban titi zai iya yin wannan jira, ina ga banɗakin tasha wanda ba a ma rubuta shi cikin kwangila ba? Idan kuɗi sun gaza, gara a rage faɗin fili da tsawon katanga a yi ƙaramar tasha cikakkiya, a bar wurin da za a faɗaɗa nan gaba.

Wa ke da alhakin biya? Tsarin mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Jadawali na huɗu ya ɗora wa ƙaramar hukuma kafa kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan jama'a da kula da su, ya kuma ba ta ikon ba da lasin kekuna da amalanke da baro. Dattawanmu ba su manta da lambar keke ta zamanin En'e ba, wadda idan ba ka da ita ɗan doka zai tare ka. Wato hukumar da aka ba ikon karɓa ita ce aka ɗora wa nauyin yi, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bugu da ƙari, ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da jinkiri, ya ba talaka damar ya tambayi ciyaman da kansilansa ba tare da jin nauyi ba.

Akwai kuma kuɗin da ke shiga kullum, wato na tikitin da masu acaɓa ke yanka kowace safiya. Mu ɗauki misali kawai. A ce babura 200 ne ke aiki a wata tasha, kowanne yana ba da Naira 100 a rana. Naira 20,000 ke nan a yini, Naira 600,000 a wata, Naira 7,200,000 a shekara. Ko kashi ɗaya cikin uku aka ware, an sami Naira 2,400,000 na gyaran famfo da kwashe masai da sauya batirin fitila da albashin mai gadi. Mai acaɓa ba ya ƙin biya. Abin da ke ci masa rai shi ne ya biya shekara da shekaru bai ga ko kwanon rufi ɗaya da aka kafa da kuɗinsa ba.

A ƙasar Holan, birnin Utrecht ya kammala wurin ajiye kekuna a tashar jirgin ƙasa a 2019, mai ɗaukar keke 12,500, kuma awa 24 na farko kyauta ne. Hukumar birnin da hukumomin jirgin ƙasa ne suka haɗa kuɗin. Ba mu ce a yi mana irinsa a Dangora ba. Darasin shi ne sun lissafa mai keke tun a takardar zane, kuma ba su mai da shi saniyar tatsa ba.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa da su duba waɗannan abubuwa. Duk tashar da za a gina ko za a gyara, a sa kuɗin banɗaki na maza da na mata, da rijiyar burtsatse, da rumfa, da fitilar sola, da ƙarfen ɗaure keke cikin kwangilar farko, kuma kada a biya ɗan kwangila kuɗin ƙarshe sai an ga famfo yana zuba. A buɗe asusu na musamman don wani kaso na kuɗin tikiti, a sa wakilin masu acaɓa da na 'yan kasuwa da na mata masu sana'a cikin masu sa hannu, a riƙa liƙa lissafin shiga da fita a allon tasha kowane wata, da Hausa. Kada a ƙaƙaba wa mai keke sabon haraji, domin wanda ya koma keke rashi ne ya mai da shi.

Ga 'yan majalisarmu na mazaɓun Kiru da Bebeji, da Tudun Wada da Doguwa, muna tunatar da su cewa raba babura ga matasa lokacin siyasa abu ne mai kyau, amma wanda aka ba babur yana bukatar inda zai tsaya cikin aminci. Rijiya ɗaya da rumfa ɗaya daga kuɗin ayyukan mazaɓu za su amfani ɗaruruwan mutane, muddin an bar wa wani takamaiman mutum alhakin gyara.

Mu ma jama'ar gari akwai namu. Ƙungiyoyin masu acaɓa da masu faci da masu shayi za su iya yin gayya da farkon damina su dasa darbejiya a kewayen tasha, su kange ta daga awaki, cikin 'yan shekaru an sami inuwar da ba ta bukatar kwangila. Sa'an nan idan an zo taron kasafin kuɗi ko neman ƙuri'a, mu je da tambaya a baki: nawa aka tara a tasharmu bara, kuma me aka yi da shi? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma wanda ke riƙe da rasit shi ya kamata ya fara sa kafaɗa.